Idon Hagun Kwalba

Godiya ta tabbata ga Wanda Ya ba kowane bawa rabonsa na gani, Ya kuma ɓoye wa bawan hikimar da ke cikin rabon.

Mutumin da zan ba da labarinsa ƙanin matata ne, kuma a duk layin da shagonsa yake ba a san shi da wani suna ba sai Kwalba. Laƙabin ya samo asali daga tabaransa, wanda kaurinsa ya kai na gindin kwalba, har idan ka dube shi sai ka ga idanunsa sun koma ƙanana a can ciki kamar na tsuntsu. Da wannan lalura aka haife shi: abin da ke nesa ba ya ganinsa, nesa kuwa a wurinsa tana farawa ne daga tsawon ɗan yatsa. Yana yaro an ɗauke shi daƙiƙi a makaranta, domin ba ya iya kwafar abin da ke kan allo. Kafin a gano cewa ba ya ma ganin allon, an riga an cire shi an kai shi koyon ɗinki.

Bai zama tela irin na kowa ba. Sana'arsa ita ce saƙe huda. Idan dutsen guga ya ƙone riga mai daraja, ko asu ya ci kwat, ko ƙusa ta yage mayafi, wurinsa ake kaiwa. Sai ya zaro zare daga cikin kalmasar tufar kanta, ya mayar da shi cikin hudar, na tsaye a mazauninsa, na kwance a mazauninsa, har saƙar ta koma yadda masaƙa ta fito da ita. Na sha ganin mai riga yana juya rigarsa a bakin shagon, yana neman inda aka gyara, har ya gaji ya ce an musanya masa.

Shagon ɗaki ɗaya ne, an raba shi biyu da labule mai kauri. A gaba akwai tebur da benci da ƙugiyoyin rataye tufafi. Bayan labule kuwa akwai taga da kujera, kuma babu wanda ya taɓa ganinsa yana aiki a wurin, ko matarsa. Idan ya ja labulen, to sai dai ka yi sallama ka jira. Mun ɗauka sirrin sana'a yake karewa, har nakan tsokane shi.

"Kwalba, aljanun da ke yi maka saƙar nan, ba za ka gaishe mana da su ba?"

"Malam, ai ka fi ni sanin hanyarsu," in ji shi. "Ni dai ban taɓa jin sun yi ƙorafi a kanka ba, sai cewa huɗubarka ta cika tsawo."

A haka ya aurar da ƙannensa, ya ilimantar da 'ya'yansa, har ya doshi shekara hamsin.

Abin da ya sauya al'amura ya faru ne wata ranar damina da rana tsaka. Yana tsallaka titi sai wani mai keke ya goge shi, tabaran ya faɗi. Waɗanda suka gani sun ce ya durƙusa a tsakiyar kwalta yana lalube da tafukan hannunsa, motoci na kauce masa dama da hagu, shi kuwa bai san ta inda zai gudu ba, domin duniya ta zame masa launuka masu ƙara. Wata mai sayar da lemo ce ta janye shi. Da labarin ya isa ga babbar 'yarsa, wadda ke aiki a kantin magani, sai ta zo gidana idanunta jawur.

"Baba Malam, kai yake jin maganarka. Akwai aikin da ake yi yanzu, na bincika. Wallahi ba zan zauna ina jiran ranar da za a kira ni a ce mota ta bi ta kansa ba."

Aikin, kamar yadda likitar ido ta bayyana mana a ranar da na raka su, shi ne a dasa wani ɗan tabarau a cikin idon kansa. Abu ne siriri mai laushi, bai kai ɓawon farce ba. Ana naɗe shi a zura ta wata 'yar ƙaramar kafa a gefen ido, sai ya buɗe ya zauna a bayan baƙin ido, a gaban gilashin halitta da Allah Ya sanya wa kowa, ba tare da an cire komai ba. Ta ce akwai wani aikin da ake yi da hasken leza a kankare saman ido, amma lalurarsa ta yi ƙarfin da wannan ba zai wadatar ba. Ta yi aune-aune masu yawa, ta leƙa har can bayan idon, sa'an nan ta ajiye kayan aikinta ta tambaye shi sana'arsa.

"Tela ne ni, Likita."

"Tabaran nan, ko yaushe kake sa shi?"

'Yarsa ta riga shi amsawa. "Daga tashinsa har kwanciyarsa, Likita. Ko wanka da shi yake shiga."

Likitar ta dube shi tana neman tabbaci, ya sunkuyar da kai ya ce haka ne. Sai ta yi masa bayani a fili cewa bayan aikin zai ga nesa ba tare da komai ba, amma saboda shekarunsa zai buƙaci ɗan tabaran karatu mara kauri idan zai zura zare a allura ko zai duba rubutu. Ya ce wannan ai mai sauƙi ne. Ta ce ita ido ɗaya take fara yi, sai ya huta a yi ɗayan, kuma za ta fara da na dama domin shi ya fi rauni.

Kashegarin aikin aka buɗe idon a gabanmu. Ya ƙifta, hawaye suka zubo, ya sake ƙiftawa, sa'an nan ya rufe na hagu da tafin hannunsa. Ya dubi agogon bango, ya dubi taga. Ya dubi matarsa da ke tsaye a can bakin ƙofa, ya daɗe yana dubanta har ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga bisani ya juyo gare ni, ya zabura har kujerar ta yi ƙara.

"Subhanallahi! Malam, ashe kai ƙato ne haka?"

Likitar ta yi dariya, ta ce tabarau mai kauri irin nasa yana ƙanƙanta duk abin da aka duba ta cikinsa, don haka duk rayuwarsa bai taɓa ganin mutum a hakikanin girmansa ba. A hanyar gida bai bar mu mun yi hira ba. Yana ta karanta allunan shaguna da ƙarfi kamar sabon ɗalibi. Ya sa aka tsayar da mota a gindin wata bishiya, ya fito ya ɗaga kai, ya ce shi bai san ana iya ganin ganyen da ke ƙololuwa ɗaya bayan ɗaya ba. Da muka isa, yayarsa, wato matata, ta fito tarbarsa, ya ƙare mata kallo daga nesa ya ce, "Yaya, wa ya tsofar min da ke haka?" Ta ɗaga muciya ta ce idon ne za ta mayar masa yadda yake. Gidan ya cika da dariya da hamdala. Ni ma na yi sujada ta godiya, domin abin da na gani ya girgiza ni.

Kafin a yi ido na biyu, an cire gilashin dama daga tsohon tabaransa aka bar na hagu, yana yawo da shi a haka, yana cewa ƙasa tana yi masa tudu da kwari. Bayan 'yan kwanaki ya matsa sai ya leƙa shago. Dalili kuwa shi ne maƙwabcinsa mai wanki da guga ya ƙone kafaɗar kwat ɗin wani babban mai kawo masa aiki, ya zo har gida yana roƙo, ya ce idan mai kwat ya gani, to shi da wankin gidan nan har abada. Ni na raka shi, saboda an hana shi tafiya shi kaɗai. Ya karɓi kwat ɗin, ya shafa ƙunar da yatsa ya ce ƙaramar aba ce, ya shige ya ja labule. Na zauna a kan benci ina lazimi.

Ban yi nisa ba na ji wani sauti da ban taɓa ji daga bakinsa ba.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Malam! Malam!"

Na yaye labulen a guje, na ɗauka idon ne ya fashe. Na same shi zaune, tabaran na kan cinyarsa, ya manna kwat ɗin a fuskarsa har hancinsa ya nutse a cikin yadin, ya runtse idon hagu, yana matso da tufar yana janyewa.

"Babu zaren, Malam. Babu shi. Hazo ne kawai."

"To ai ka cire tabarau, bawan Allah! Kuma wa ke duba tufa a kan hancinsa? Sa na karatun da aka ba ka mana."

Ya ɗago ya dube ni kamar wanda aka kama da abin kunya. "Malam, ni ban taɓa yin saƙa da tabarau ba. Ko sau ɗaya."

A nan ne, a cikin wannan lungu da na shekara talatin ina wucewa ta gabansa, na ji abin da babu wanda ya sani a cikinmu. Idon da ba ya ganin nesa, idan aka cire masa tabarau aka kawo abu dab da shi, yana ganin abin da mai lafiyayyen ido ba zai taɓa gani ba. Ya ce shi zare yana fito masa ne kamar igiyar guga, har murɗinsa yana gani, ramukan da ke tsakanin zare da zare kuwa kamar tagogi. Kuma a wannan kusanci ido biyu ba sa haɗuwa a kan abu ɗaya, don haka da ido ɗaya yake aiki tun yana yaro: na dama, wanda ya fi rauni, wanda saboda rauninsa ya fi ɗan'uwansa ganin kusa.

"To me ya sa ka ɓoye?" na tambaye shi.

Ya ce ranar da maigidansa na koyon ɗinki ya fara ganinsa a haka, sai ya fizge rigar ya ce babu mai kawo tufarsa wurin wanda zai shinshine ta, ya numfasa a cikinta. Sauran masu koyo suka riƙa bin sa suna shaƙar hanci. Maigidan da kansa ya rataya masa buhu a kusurwa ya ce idan zai yi abinsa ya yi a bayansa. Buhun nan ne ya zama labule.

"Da Likita ta tambaye ni, ga 'yata a zaune, ga ka. In buɗe baki in ce ni da hanci nake cin abinci? Kuma na ɗauka ƙari za a yi min, Malam. Ban san musanya ba ce."

Na sa ya gwada tabaran karatun. Ya sa, ya riƙe kwat ɗin a inda kowa ke riƙewa, ya ce yana ganin yadi sarai, yana ganin ƙunar, kamar yadda mai wankin ke ganinta. Ya ajiye. Na aika aka aro mana ɗan madubin da mai gyaran agogo ke maƙalawa a ido. Da shi zaren ya fito, amma madubin ya cinye ɗan filin da ke tsakanin idonsa da tufar, inda yatsunsa da allurarsa ke kai da kawowa, allura na ta karo da bakinsa. Ya mayar wa mai shi.

Sa'an nan a hankali ya rufe idon dama, ya buɗe na hagu, ya kai kwat ɗin fuskarsa. Na ga kafaɗunsa sun sauka.

"Wannan yana gani," ya ce a hankali. "Bai kai wancan ba, amma yana gani." Sai kuma ya ɗago a firgice. "Malam, yaushe aka ce za a yi na biyun?"

Ranar kuwa ta kusa.

Da yamma ya tara iyalinsa ya ce ba za a taɓa masa idon hagu ba. Ban taɓa ganin mutane sun daskare irin na wannan rana ba. Matarsa ta saki kofin da ke hannunta.

"Kai yanzu, shekara da shekaru ina kai maka abinci shagon nan, ina tsayawa a bayan labule kamar baƙuwa, ashe abin da kake ɓoye min ke nan? Hanci? Ni da na san minsharin hancin nan?"

Babu wanda ya yi dariya sai ita, dariyar kuma ta ƙare da kuka. 'Yar kuwa ta miƙe tsaye.

"Baba, ido ɗaya za ka zauna da shi? Rabin aiki? Tsufa ya zo, mu ga mu, me za ka nema da allura wanda ba za mu yi maka ba?"

"Uwata," ya ce mata, domin haka yake kiranta, "kin ba ni abin da ban taɓa mafarkinsa ba, Allah Ya yi miki albarka. Amma idan aka yi na biyun, zan fita kullum in ga bishiyoyi da tsuntsaye, in dawo in zauna. Mene ne sunan mutumin da ke zaune?"

"Sunansa ubana mai rai!" ta ce, ta fita.

Muka koma wurin likita da kwat ɗin a hannu. Ya cire kunya ya nuna mata yadda yake yi. Ta ce da ta ga wannan tun farko, da maganar da suka yi daban ce. Ya ce laifin bakinsa ne, ita kam ai ta tambaye shi. Ta shimfiɗa masa hanyoyin ba tare da ɓoye komai ba. Ana iya ciro abin da aka dasa, idon ya koma kusan yadda yake, sai dai kowace shiga cikin ido tana da haɗarinta, kuma zai koma mutumin da ya durƙusa a titi. Ana iya ƙarasa na hagu, ya koyi aiki da madubin ƙara girma, wataƙila ya saba, wataƙila kuma ba zai saba ba. Ko kuwa a bar shi yadda yake, amma ya sani idanun biyu ba za su yi aiki tare ba: tabarau ba zai sulhunta su ba sai dai ya sa masa jiri, zai riƙa kuskuren auna nisan matakala da na mota mai tahowa. Ɗan gilashin da ake liƙawa a saman ido zai iya taimakon na hagun idan zai fita, amma ya ce ya taɓa gwada shi, ƙurar yadi ta hana idonsa ɗauka. Ta ƙara da cewa ko wace hanya ya bi, dole ya riƙa zuwa ana duba bayan idanun, domin aikin bai canja halittarsu ba.

Ya roƙi a bar masa ranar aikin yadda take, ya ce kwat ɗin nan ne zai yanke hukunci. 'Yarsa ta ce ta yarda, da sharaɗin ita za ta duba.

Kwanakin da suka biyo baya na gan shi a wahalar da ban so ganinsa a ciki ba. Shi ba bahago ba ne, ga idon aiki ya koma hagu, don haka hancinsa ya shiga tsakanin ido da allura. Sai da ya juya kujerar, taga ta koma ɗaya gefen, ya karkatar da wuya kamar kaza mai kallon shaho. Ya ɗaure idon dama da tsumma mai tsabta. Ya soke kumatunsa har jini ya fito. Ya lalata ƙyallayen gwaji cike da kwando kafin ya yarda ya taɓa kwat ɗin, aikin da a da yake gamawa tsakanin azahar da la'asar ya cinye masa kwanaki.

Ana gobe aikin, da hantsi, 'yar ta zo shagon. Ya miƙa mata kwat ɗin. Ta fita da shi bakin ƙofa, ta duba gaba, ta duba baya, ta karkatar da kafaɗar ga hasken rana. Sai ta ɗora yatsa.

"Ga shi nan, Baba."

Mai wankin da ke tsaye ya dafe kai. Ni kaina sai da na matso in duba, domin tun da na san Kwalba ba a taɓa nuna wurin da ya saƙe ba. Ya karɓa, ya kai fuskarsa a gabanmu duka, a bakin titi, masu wucewa na kallo, ya daɗe yana dubawa.

"Gaskiyarki. Zare biyu sun yi tsauri, na ja su da yawa." Ya sauke kwat ɗin. "Amma kin ga, Uwata, na ga kuskuren. Idon da ke ganin kuskure ana iya koya masa."

"Ka ce kwat ɗin ne zai yanke hukunci."

"Ya yanke. Da ban ga zaren nan biyu ba, da gobe ni zan riga ki zuwa asibiti."

Ta tsaya tana dubansa, leɓunanta na motsi. Na yi tsammanin za ta sake fita cikin fushi. Sai ta ciro wayarta, ta kira asibitin, ta ce a ba wani gurbin mahaifinta. Da ta kashe, ta ce daga yau ba zai ƙara tsallaka babban titi shi kaɗai ba, ko da zai makara, ya ce ya ji. Ya warware zaren nan biyu ya sake saƙa su a ranar, mai wankin ya kai kwat ɗin, mai shi ya karɓa bai gane an taɓa shi ba.

Yanzu an kusa shekara. Ya bar tabarau gaba ɗaya, sai na karatu idan zai duba rubutu. Yana tafiya a hankali, yana taɓa matakala da ƙafa kafin ya taka, kuma na sha ganinsa yana zuba shayi a gefen kofi. Aikinsa bai koma saurinsa na da ba, akwai kuma yadudduka masu santsi da yake mayarwa ya ce ba yanzu ba. Wani lokaci idan wuyan ya dame shi yakan ce wataƙila wata rana zai je a ƙarasa masa na hagun, 'yarsa ta ce ita ba ta ce komai ba. Allah Ya ƙara wa idon nan na hagu kwana, Ya kuma tsare na daman a kan titi.